Daga Montana zuwa Arizona da dawaki a baya

Iyalin da nake haya a gidansu a wajen garin Bozeman, jihar Montana, ba sa yin hunturu a gida. Da dusar ƙanƙara ta rufe filin kilisa sai su ɗaure kaya su nufi kudu, saboda 'yarsu mai tseren zagaya ganguna a kan doki. Bana maigidan ya ce in zo in kama masa tuƙi, ni kuwa da ma makaranta na hutu.

Takardu aka fara yi kafin kaya. Doki ba ya tsallake iyakar jiha a Amurka sai da shaidar gwajin jini da ake kira Coggins, da takardar lafiya daga likitan dabbobi. Montana kuma ta ƙara da jami'in da zai duba shaidar mallaka, tun da ƙasar makiyaya ce, kuma sun san ɓarayin dabbobi. Sai da aka gama wannan aka shigar da goɗiya biyu da wani tsohon dandaƙaƙƙe cikin tirela, aka ɗaura ta a bayan akori-kura. Gaban tirelar ɗaki ne, da gado da murhu.

Mashigar Monida, a iyakar Montana da Idaho, can na san sanyi. Iska tana kwaso ƙanƙara tana shimfiɗawa a kan titin I-15 har ba ka ganin farin layi. Maigida ya karɓi sitiyari, bai ce uffan ba. Da ma ya zuba magani a tanki don kada man dizal ya daskare. Abin da ya ba ni mamaki, uwargida ta hana a rufe tagogin tirela ruf. Ta ce dawakin da ke cunkushe suna dumama juna, idan suka yi gumi cikin bargo sannan iska ta buge su, ko suka yi ta shaƙar ƙurar ingirici, ciwon huhu ne zai biyo baya.

Tafiyar ta fi kilomita 1,600, amma ba mu ke tsara ta ba, cikin dawakin ne. Duk bayan awa uku ko huɗu a tsaya, a miƙa musu bokiti. Doki yana ƙin ruwan da bai saba da ɗanɗanonsa ba, a lokacin sanyi kuma ƙishi ba ya damunsa, ga shi yana ta cin busasshiyar ciyawa. Ƙarshenta ciki ya toshe, kuma murɗar ciki tana kashe doki. Shi ya sa suka ɗebo ruwan gida a jarkoki, suna kuma ɗiga ruwan tuffa a bokiti tun kafin a taso, yadda ko'ina aka je ɗanɗanon ɗaya ne. Da muka kwana a wani filin baje kolin dabbobi a Utah, ƙaramar goɗiyar ta ƙi sha. Yarinyar ta kwana a bakin turke da tocila.

"Baba, ta sha rabin bokiti," ta ce da asuba. Sai a lokacin aka tuna da abincin mutane.

Bayan garin St. George na kudancin Utah titi ya gangara ta kwazazzabon kogin Virgin, sanyi ya fara saki. Las Vegas muka wuce ta kawai, ko da yake yarinyar ta liƙe fuska a gilashi, don a nan ake babbar gasar ƙarshe ta ƙasa ta wasannin makiyaya kowane Disamba tun 1985, in ban da 2020. Muka haye gadar da ke kusa da madatsar ruwa ta Hoover, muka bi titi mai lamba 93 har garin Wickenburg na jihar Arizona, inda za a yi gasar.

Wasan kansa kuwa, ƙiftawa da bismillah. Ganguna uku ne irin na mai, an jera su kamar duwatsun murhu: mita 27 tsakanin na farko da na biyu a cikakken fili, na uku yana can gaba da mita 32. Mahayiya ta shigo da sukuwa, ta zagaye kowace, ta dawo. Na'ura ce ke ɗaukar lokaci, daƙiƙa 17 gudu ne mai kyau, wadda ta kayar da ganga a gasar ƙwararru an ƙara mata daƙiƙa 5. Mata ne suka riƙe wasan, su suka kafa ƙungiyarsu a San Angelo ta Texas a 1948. A bakin fili ba ka rasa mai ba ka labarin Charmayne James, wadda linzamin dokinta Scamper ya zame ana tsakiyar gudu a 1985, ta kuma ci zagayen a haka.

Ni da na taso ina kallon zamiya a hawan sallah, na ɗauka ƙarfin hannu ne. A nan linzami sako-sako yake, da ƙafa da zama ake juya doki. Na kuma yaba da tsarin rukuni na ƙananan gasa, inda wadda ta bi bayan ta farko da rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya ke da nata rukunin da nata kuɗin.

Yarinyarmu ta faɗa rukuni na uku. Abin da ta ci bai biya man da muka sha daga Kingman, wani gari da muka wuce a titi mai lamba 93, ba. Uban ya ninke takardar kuɗin ya sa a aljihu, ya tambayi inda ake sayar da ingirici da araha, don na gida ya kusa ƙarewa, ga wata gasar ranar Asabar a garin Buckeye, nan Arizona.