Ƙarar da ta tashe ni kafin asuba

Lahadi, Ngaundere

Tun kafin kiran assalatu na ji "ƙit" daga ɗakin Inna, aka ɗan jima na sake ji. Gabana ya faɗi, na fita ko takalmi babu. Sai da na tsaya bakin ƙofa na saurara hankalina ya kwanta: ƙara ɗaya ce duk bayan minti guda, alamar batirin na'urar gano iskar guba ya yi sanyi. Da iskar guba na'urar ta shaƙa, huɗu-huɗu za ta riƙa yi ba ƙaƙƙautawa.

Da gari ya waye na sauko da ita daga bango. Ƙurar hunturu ta toshe 'yan ramukan gabanta, har ta yi ja. Na sa tsohon buroshin haƙori busasshe na kakkaɓe a hankali, don ba a kai mata ruwa, ba a fesa mata turare ko maganin sauro. Na sa sabbin batura biyu, na danna maɓallin gwaji, ta tsala ihu har yara suka toshe kunne.

Inna na zaune tana kallona. Ta ce, "Ɗan nan, ni fa ba na shiga da kasko sai garwashi ya yi jajir, hayaƙi ya ɗauke."

Nan ne fa matsalar take. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba hayaƙin ne abin tsoro ba." Iskar gubar, wato kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jan garwashin nan fitar da ita yake yi. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Na tuna mata bara, da jikokinta biyu suka tashi da ciwon kai da amai, muka ɗauka zazzaɓin sauro ne, ashe kasko ne da rufaffiyar taga. Ta yi shiru, ta gyara mayafi. Sanyin garin nan ba wasa ba ne, na san ba taurin kai take yi ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne rubutun bayan na'urar: an ƙera ta 2019, wa'adinta shekara 7. Ko batir sabo ne, hancinta mutuwa yake yi. Na rubuta 2026 da alli a jikin bango.

Da la'asar na shiga kasuwa na sayo mata bargo mai kauri. Yau a tsakar gida kasko zai kwana.