Bawul ɗin da ya ƙi juyawa

Lokacin da aka ɗora mini kula da bututun ruwa, magudanai da kwalbatoci na hukumar birni, tsarinmu ɗaya ne: sai abu ya lalace mu ruga. Unguwar da ta fi ɗaga murya ita ake fara gyara wa.

Wani babban bututu ne ya farkar da ni. Ya fashe da tsakar dare, muka je rufe bawul mafi kusa, muka iske tsatsa ta cinye shi, ya ƙi juyawa. Dole muka datse ruwan daga nesa, wani asibiti ya wuni famfo a bushe. Laifina ne, ban taɓa tambayar yaushe aka gwada bawul ɗin ba.

Daga nan muka buɗe rajista: kowane abu, inda yake, da me aka yi shi, da halin da yake ciki. Abin da ya tsorata ni, yawancin bayanan ba su a takarda, suna cikin kan wani dattijon ma'aikaci da ya kusa ritaya. Na yi makonni ina bin sa da littafi a hannu. Yakan tsaya ya nuna kwalta ya ce, "Yallaɓai, a nan ƙasa akwai mahaɗa," mu tona kuwa mu same ta.

Sai muka auna kowanne da maki 1 zuwa 5 na yiwuwar lalacewa, da 1 zuwa 5 na girman ɓarnar da za ta biyo baya, muka ninka. Tunanin da ke cikin ISO 31000 ta 2009 ke nan, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da haɗari. Jerin abubuwan da za a fara gyarawa ya sauya sosai. Tsohon bututun da kowa ke kuka da shi ya koma ƙasa, wata 'yar kwalbati da ke ƙarƙashin hanyar da motar kashe gobara ke bi ta hau sama.

Mafi wuya shi ne neman kuɗin gyara abin da bai lalace ba tukuna. A zaman kasafi na tuna musu gadar Morandi ta Genoa a Italiya, wadda ta rufta ranar 14 ga Agusta 2018, mutum 43 suka mutu, alhali an daɗe da sanin ƙarafanta na cin tsatsa. Ban samu duk abin da na nema ba. Amma yanzu kowane babban bawul ana juya shi sau ɗaya a shekara, ana yashe magudanai kafin ruwan sama ya kankama, wanda ya yi aikin kuma ya sa hannu.