Muryar da ba ta san wa take yi wa magana ba

A gidajen buga PlayStation na Yamai, daga Bukoki har Harobanda, gardama ba ta wuce kyan hoto da wa ya lallasa wa. Ba kasafai ake zancen murya ba. Amma duk yaron da ya daɗe yana buga ƙwallon FIFA ya haddace maganganun Hervé Mathoux, wanda ya shekara da shekaru yana sharhin wasan da Faransanci, ba da niyya ba, kuma nan take yake ganewa idan mai sharhin ya faɗi abin da bai yi daidai da abin da ke gudana a fili ba.

Sana'ata naɗar sauti ce. Tallace-tallace da wasan kwaikwayo na rediyo na fi yi, a wani ƙaramin situdiyo da muka lulluɓe bangonsa da soso da barguna saboda ƙarar babura. Da aka kawo mana aikin sa muryoyin Hausa a wani wasa na salula da aka tsara don koya wa yara lissafi da tsabtar ruwan sha, sai na ga ashe wannan wata makaranta ce ta daban. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, yawancin muryoyin da muke kushewa a wasannin bidiyo ba maƙogwaron mai muryar ne ya gaza ba. An tsayar da shi gaban makirufo ne ba a gaya masa inda yake ba, ba a kuma gaya masa wanda yake yi wa magana ba.

A rediyo labari yana da kai da gindi. Ƴan wasa suna tsaye tare, wannan ya faɗa wancan ya mayar masa, idan ɗaya ya ɗaga murya sai ɗayan ya ji zafin a jikinsa ya rama. A wasan bidiyo mai bugawa ne ke zaɓen abin da zai faru, saboda haka ba a iya jera maganganun bi da bi. Yanka su ake yi gutsi-gutsi, kowace jimla da lambarta, kowace a naɗe ta ita kaɗai. Abin da ya iso mana jadawalin Excel ne mai ɗaruruwan layuka: lamba, sunan mai magana, sai jimlar. Shi ke nan. Kamar a ba tela yadi a hana shi awo.

Wata dattijuwa da ta shafe shekaru tana wasan kwaikwayo a rediyo muka gayyata ta hau matsayin kaka. Ta sa tabarau, ta dubi takardar, ta karanta layin farko a zuci. An rubuta: “Kada a sha wannan ruwan.” Sai ta cire tabarau ta dube ni ta cikin gilashin da ke tsakaninmu.

“Ɗana, wa nake gaya wa?”

Na ce, “Hajiya, yaron da ke buga wasan kuke gaya wa.”

Ta ce, “Ya riga ya kai kofin baki, ko yanzu ya nufi randar? Yana gabana, ko yana can ƙofar gida? Jikana ne, ko ɗan maƙwabta?”

Takardar ba ta da amsar ko ɗaya. Muka kira wanda ya tsara wasan, ya ce yaron yana bakin wani kududdufi, ya durƙusa zai ɗiba, kakar kuma tana nesa da shi kamar taku goma. Ta ja baya kaɗan daga makirufo, ta ja numfashi, ta jefa maganar da sauri, ƙarshenta a yanke, irin na wadda hankalinta ya tashi amma ba ta son ta firgita yaro ya faɗa ruwa. Sau ɗaya ta yi, maganar ta zauna. Da ba ta yi waɗannan tambayoyi ba, da ta karanta shi da muryar sanarwa, tsaf-tsaf, babu kuskure ko ɗaya, babu rai kuma.

Tambayarta ta tono wani abu da ya shafi harshenmu. Rubutun da Faransanci aka fara yi, inda kalma ɗaya ke isar namiji da mace idan ana yi musu magana kai tsaye. Mai fassara ya rasa yadda zai yi da “ka” da “ki”, sai ya gudu zuwa “kada a sha”, wanda ba kakar da za ta faɗa wa jikanta a irin wannan hali. Dole muka naɗi kowace irin wannan jimla sau biyu, aka kuma gyara wasan ya tambayi yaro tun farko ko namiji ne ko mace. Aikin ya kusan ninkawa. Ban ga wata hanya ba, domin yarinyar da aka ce wa “ka yi ƙoƙari” ta san ba da ita ake ba.

Wannan matsala ba ta ƙananan situdiyo irin namu ba ce kaɗai. Peter Dinklage ɗan wasa ne da duniya ta sallama masa a shirin talabijin na Game of Thrones, amma da wasan Destiny ya fito a 2014 masu bugawa sun yi ta ƙorafi cewa muryarsa a ciki ba ta da armashi. A 2015 Nolan North ya sake naɗar matsayin gaba ɗaya. Ba na jin gwaninta ce ta gudu daga Dinklage. Aikin ne daban da wanda ya saba. A wasan Oblivion na 2006 kuwa akwai layin da mai muryar ta yi tuntuɓe, ta ce a dakata ta sake, ta sake ɗin, kuma duk wannan ya shiga wasan haka nan aka sayar. Ni ba dariya abin ke ba ni ba. Na san yadda kunne ke mutuwa idan mutum ya wuni yana sauraren jimloli marasa haɗi da juna.

A ɗaya ɓangaren akwai The Last of Us na 2013. Troy Baker da Ashley Johnson tare suka yi manyan fitowarsu a dandamali ɗaya, sanye da kayan da ke ɗaukar motsin jiki, suna kallon juna ido cikin ido. Ko wanda ba ya jin Ingilishi sosai zai ji bambancin: ana katse juna, ana haɗiye rabin magana, ana yin shiru a inda mutum zai yi shiru. Abin da ƴan wasan rediyonmu suke yi ke nan tun zamanin da iyayenmu ke kewaye akwatin Muryar Sahel, abin da su Yazi Dogo suka ƙware a kai a dandamali. Manyan kamfanoni sun zuba kuɗi masu yawa kafin su iso wurin da namu suka daɗe a tsaye.

Da na karanta labarin yajin aikin da ƙungiyar ƴan wasa da masu murya ta SAG-AFTRA ta shiga a Amurka a watan Oktoba na 2016, wanda ya kai kwana 340, sai na ga tambayar Hajiya a cikin buƙatunsu. Bayan maganar kuɗi, masu muryar sun nemi a riƙa gaya musu wane wasa ne suke yi wa aiki da irin matsayin da za su hau, domin kamfanoni kan ɓoye musu saboda sirrin kasuwa. Mutum ya gama aiki bai san ko wane ne shi a labarin ba, sannan mu a nan mu ce bai iya ba.

Wata buƙatar tasu ita ce a rage tsawon zaman da ake yin ihu a ciki daga awa huɗu zuwa biyu. Wannan ma na gani da idona, ko da yake wasanmu na yara ne, babu yaƙi. Akwai inda ake tsalle, ake faɗuwa, ake kiran wani daga nesa. Wani saurayi da ya hau matsayin makiyayi ya yi kiran da dukkan ƙarfinsa, kafin la'asar muryarsa ta dushe, ga iskar hunturu ta busar da maƙogwaro. Yanzu duk abin da ke da ihu ƙarshen zama muke kai shi, a ajiye ruwan ɗumi kusa, a kuma kashe maganar “ƙara ɗaya” idan an samu mai kyau.

Darasin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne na maimaici. A rediyo jimla sau ɗaya take wucewa, don haka ana son ta da gishiri. A wasa kuwa akwai jimlar da mai bugawa zai ji sau ɗari kafin ya gama. Mun kai wasan wata fada, wato majalisar hirar samari, da yamma, ana dafa shayi, muka miƙa wa ƙannen samarin salula muka koma gefe. Duk sanda yaro ya ci lissafi sai muryar malami ta ce “Madalla, ka burge ni!” da fara'a mai yawa. Da farko suka yi murmushi. Can sai suka fara kwaikwayonsa suna rigan shi faɗa. Daga baya wata yarinya ta lalubi gefen salular ta rage sautin har ƙasa, ta ci gaba da lissafinta a shiru. A situdiyo wannan layin yana cikin waɗanda muka fi yabawa. Muka koma muka naɗi amsoshi da yawa gajeru, “yawwa”, “haka ne”, “ci gaba”, wasu ma ɗan sautin amincewa ne kawai daga maƙogwaro, aka bar babbar fara'ar sai an gama mataki. Skyrim na 2011 yana da layuka kusan 60,000 da masu murya fiye da 70, amma abin da mutane suka fi tunawa shi ne maganar nan guda ta masu gadi game da kibiya a gwiwa, saboda yawan jin ta. Masu sharhin ƙwallo ma haka: sunan ɗan wasa ɗaya akan naɗe shi da murya kwance da kuma murya a sama, na'ura ta riƙa ɗinka shi da sauran jimlar gwargwadon zafin wasa. Inda ɗinkin bai hau ba, nan kunne ke kamawa.

A fadar nan kuma na koyi daina yarda da manyan lasifikokin situdiyo. Ƙaramar lasifikar salula ba ta fitar da kaurin murya, sai muryar dattijo mai daɗi ta koma siririya, ƙarshen kalmomi ya ɓace cikin hayaniyar titi. Yanzu ba na sallamar aiki sai na saurare shi a salula mai arha, a waje, ana hira kusa da ni.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Da Faransanci ko Ingilishi muke jin wasannin nan, kunnenmu kuwa yana da sassauci a harshen wani. GTA San Andreas na 2004 ba a taɓa sa masa muryar Faransanci ba, rubutu ne a ƙasa, mun buga shi shekara da shekaru muna jin daɗi ba tare da mun iya auna ko maganar ta zauna ba. Ranar da Hausa ta shiga, wannan sassaucin ya ƙare. A 2021 Age of Empires III ya ƙara daular Hausa, mayaƙa da manoma suna amsa umarni da Hausa, a 2025 kuma Civilization VII ya fito da Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa. Na ji daɗi ƙwarai, kuma na lura da yadda kunnena ya miƙe tsaye yana bin kowace gaɓa, yana tambayar Hausar ina ce wannan. Mai saurare a Tawa zai gane Adaranci daga jimlar farko, ya kuma gane wanda ke kwaikwayonsa. A namu wasan mun bar kowane mai murya da Hausar garinsu, muka kauce wa kalmomin da yaron Maraɗi ko na Damagaram ba zai fahimta ba kawai. Wanda aka tilasta wa karin da ba nasa ba, hankalinsa kan tafi wajen gyaran baki ya manta da wanda yake yi wa magana.

Wasu sun nuna ana iyawa. Assassin's Creed Mirage na 2023, da labarinsa ke Bagadaza, ya fito da cikakkiyar muryar Larabci. Abubakar Salim, wanda ya yi muryar Bayek a Assassin's Creed Origins, ya kafa kamfaninsa ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, ana iya buga shi da muryoyin Swahili. Mu ma ba masu murya muka rasa ba. Duk wanda ya ga yadda finafinan Indiya da aka fassara a Kano suka cika kasuwanninmu ya san akwai gwanaye, akwai kuma masu saurare.

Yanzu wasu masu kawo aiki sun fara tambayata ko ba za a sa na'ura ta karanta layukan ba, tunda ta fi arha. Wannan batu ne ya sake fitar da masu muryar Amurka yajin aiki daga Yuli na 2024 har tsakiyar 2025, suna neman kada a kwafi muryar mutum ba da izininsa ba, ba kuma da biyansa ba. Ina tare da su. Na kuma saurari irin waɗannan muryoyin da Hausa: duk abin da ka ba su za su karanta, babu wadda za ta tsaya ta tambaye ka ko yaron ya kai kofin baki.

Abin da na sauya a aikina ba shi da yawa. Jadawalin da za a ba mai murya yanzu sai an ƙara masa gurabe: wa ake yi wa magana, yana nesa ko kusa, me ya faru kafin nan, sau nawa ake sa ran za a ji jimlar. Idan fitowa ta mutum biyu ce, tare nake kiran su ko da makirufo ɗaya za su raba. Idan ɗaya bai samu zuwa ba, ni nake tsayawa in karanta masa amsar abokin maganarsa. Ina kuma saka kuɗin yini guda na zama da ƴan wasa a karanta labarin tun daga farko kafin a kunna na'ura. Wannan yinin shi masu aiki suka fi son a soke idan ana ciniki, har wasu sun kai aikinsu wani wuri saboda shi. Ban soke shi ba.