Iƙama fanniyya: abin da matashin mai zane zai duba kafin ya cike fom

Duk Bahaushen da ke zaune a Makka ko Jidda, da ya ji an ce "iƙama", katin zama ne zai faɗo masa a rai. A bakin masu zane kuwa akwai wata iƙamar, wadda Larabawa ke kira iƙama fanniyya. Cibiya ce ke gayyatar mai fasaha ya zauna a wurinta na wasu makonni ko watanni, ta ba shi ɗakin aiki, sau da yawa har da masauki da kuɗin kayan aiki, ta haɗa shi da takwarorinsa na wasu ƙasashe. A ƙarshe a buɗe ƙofa jama'a su shigo su ga abin da aka yi.

Tun da aka kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, irin wannan dama ta yawaita a Saudiyya. Misk Art Institute a Riyad tana da shirin Masaha na kimanin wata uku. A AlUla, tsohon gari a arewa maso yammacin ƙasar, an fara nasu a 2021 tare da haɗin gwiwar Faransa. Cibiyar fasaha ta Hayy Jameel ta buɗe a Jidda a ƙarshen 2021. Can gida Afirka akwai G.A.S. Foundation ta Yinka Shonibare a Legas, da Black Rock ta Kehinde Wiley a Dakar.

Kafin ka ɓata dare wajen rubutu, karanta layin da ya faɗi wanda ya cancanta. Wani shirin na 'yan ƙasa ne zalla, wani ya haɗa da mazauna, wani na kowa da kowa. Wanda aka haifa a Makka amma fasfonsa na Najeriya ne ko Nijar, mazauni ne a takarda, ko da bai taɓa taka Kano ba. Nan ake yawan zubar da takardun yaranmu tun alƙalai ba su kai ga kallon aikinsu ba.

Sai hotunan aiki. Galibi ana neman goma zuwa goma sha biyar a fayil ɗaya na PDF, kowanne da sunansa, shekararsa, kayan da aka yi shi da su, da girmansa a santimita. Jingina zanen a bango fari kusa da taga, da safe, ka kashe fitilar ɗaki da filashin waya. Fitilar ɗaki tana mayar da fari rawaya, filashi kuma yana barin ƙyalli a tsakiyar fentin mai. Wayar ta daidaita da tsakiyar zanen, domin in ka ɗauka daga sama kusurwoyin za su karkace. Kada ƙafar kujera ko gefen darduma su shigo. Kuma kada ka zuba duk abin da ka taɓa yi tun sakandare. Ayyuka takwas masu magana ɗaya sun fi ashirin da kowanne ya kama gabansa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne takardar bayanin abin da za ka yi. Yawanci kalma ɗari uku zuwa ɗari biyar ake so, kuma mutane kan cinye rabinsu wajen cewa suna son "haɗa al'adu". Alƙalan sun gaji da wannan jimlar. Abin da suke nema shi ne me za ka yi, da wane kaya, kuma me ya sa sai a wurinsu. Ka ce za ka ɗauki zayyanar allo irin ta makarantun Kano, da tawadar da ake haɗawa da ƙaro, ka gwada ta kusa da rubutun da ke jikin duwatsun Jabal Ikma a AlUla, kana son allo goma sha biyu cikin mako takwas. Wannan magana ce da za a iya aunawa. Ɗan Hausa da ya tashi yana Hausa a gida, Larabcin Hijaz a titi, ai ba ya buƙatar ƙirƙiro labarin gamuwar al'adu. Sai dai in bai fito a jikin aikin ba, faɗar sa a takarda ba ta ƙara komai.

In an ɗauke ka, tambayi kuɗi dalla-dalla, ba kunya: wa zai biya tikiti, nawa ne na abinci, nawa ne na kayan aiki, kuma a hannu za a ba ka ko sai ka kashe ka kawo rasit. Na biyun yana nufin sai da guzurinka. Duba yarjejeniya ka ga aikin da ka gama na wa ne, kuma wa zai biya ɗauko shi.

Mai fita waje yana da ƙarin aiki. Iƙamarka ta kai har ranar dawowa, kuma huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, da za a buga maka a manhajar gwamnati ta Absher ta zarce kwanakin shirin da ɗan rara, domin ranar nuni takan matsa gaba. In shirin a Turai yake, bizar Shengen ta gajeren zama kwana 90 ce cikin 180, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Shirin da ya wuce wata uku wata bizar yake buƙata, kuma samun ranar ganawa kaɗai na iya cin makonni. Nemi wasiƙar gayyata ranar da aka sanar da kai.

Kayan aiki ma suna da halinsu. Ba a shiga jirgi da sinadaran tsinka fenti irin su tinar ko tafentain, a can za ka saya. Damshin Jidda yana lanƙwasa takarda, busasshiyar iskar AlUla kuma tana tsaga yumɓu in ba a rufe shi da leda ya bushe a hankali ba. Fentin mai da aka lafta da kauri yana iya yin makonni bai bushe ba, don haka a mako biyun ƙarshe koma wa akirilik, fentin ruwa mai saurin bushewa, ko tawada. In za ka naɗe zanen yadi don tafiya, fuskar fentin ta kalli waje, a kan bututu mai faɗi. In ta kalli ciki, fentin zai tattare ya fashe kafin ka sauka.