Fatar mesa da ta kada ba sa ɗaukar siffa kamar kirgi

Da fatar akuya da kirgi na fara koyon dukanci, kuma abin da aka fara nuna mini shi ne yadda ruwa yake sa fata ta yi biyayya. Idan aka jiƙa kirgin da aka jeme da bagaruwa, aka ɗora shi a kan icen da aka sassaƙa, aka bi shi da ƙaho ana dannawa har ya kwanta, sannan aka bar shi ya bushe a inuwa, to siffar da ya ɗauka ta zauna ke nan. Haka ake samun kuben da yake riƙe wuƙa gam. Masu yin tandu ma hanyarsu ke nan, sai dai su ɗanyar fata suke liƙawa a kan yumɓu, idan ta bushe su farfasa yumɓun su zazzage shi.

Ranar da fatar mesa ta fara zuwa hannuna, na ɗauka wannan sanin zai ishe ni. Na jiƙa ta, na ja ta a kan icen kube, sai ɓawon jikinta ya miƙe tsaye a duk wurin da ta lanƙwasa, kuma da ta bushe na zare icen sai ta kwanta yaraf kamar tsumma. Asarar ta yi mini ciwo, amma ita ta tilasta mini neman dalili. Yawancin irin waɗannan fatu a masana'anta ake jeme su da sinadarin kurom, wanda yake sa fata laushi amma ba ya barin ta riƙe siffa yadda bagaruwa take yi. Ga shi kuma fatar mesa ba ta da kauri. Saboda haka yanzu kirgi nake fara jiƙawa in fitar da siffar, sai ya bushe ƙarau in shafa gam in lulluɓe shi da fatar mesar, ina shafa ta daga wajen kai zuwa wutsiya, inda ɓawon yake kwanciya. Kirgin ne yake ɗauke da aikin, mesa kuwa riga ce kawai.

Fatar kada ta fi neman natsuwa. Bayanta akwai ƙashi a cikin ɓawon, yana karya allura, kuma ba ya lanƙwasuwa. Cikin ne ake nema, shi ya sa da faɗin cikin ake auna ta da santimita a yanke mata kuɗi. Wadda take ƙyalli kamar madubi, da dutsen aƙiƙ aka goge ta har ta yi wannan sheƙi, kuma ɗigon ruwa yana iya bar mata tabo, don haka ban yarda ruwa ya kusance ta ba. Kafin in sa wuƙa, nakan daɗe ina juya ta domin in ga inda ninkin jaka zai faɗa, saboda dole ne ya bi tsagar da ke tsakanin layukan ɓawo. Inda aikin yake da kwana, ƙananan ɓawon gefen ciki nake kai wa wurin, domin su ne suke bin lanƙwasa ba tare da sun buɗe ba.

Ta jimina, wadda garin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu ya yi suna da kiwonta, ta fi sauƙin sarrafawa. Haɗarinta biyu ne: jan da ya wuce kima yana shafe ƙullutun da gashinta ya bari, wanda dominsa ake sayenta, kuma idan ana kankare bayanta don rage kauri, wuƙa tana iya huda gurbin gashin.

Akwai abin da nake dubawa tun kafin duk wannan. Yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973 kuma Najeriya tana cikinta, ta tanadi cewa fatar kadar da za ta ƙetare iyaka sai da takardar izini da alama mai lamba a jikinta. Duk wanda ya kawo mini fatar kada, wannan alamar nake fara nema a wutsiyarta, kuma idan babu, nakan mayar masa da ita ko da kuwa farashinta ya yi mini daɗi.