Kyamara bayan rana ta faɗi

Yau da yamma abokina ya miƙo min ƙananan kyamarori guda biyu irin masu shiga aljihun nan, wai in taya shi zaɓa. Rana ta riga ta faɗi, ƙwan fitila ɗaya ne a falon, 'yarsa na zaune a ƙasa tana zane, na kira sunanta ta ɗago tana dariya na danna. A ta farkon fuskar ta fito dishi-dishi, inuwar duk ta yi tsakuwa-tsakuwa, ga shi ita ce mai dogon zum ɗin da yake ta yabo. Ta biyun kuwa ba filasha ba komai amma har gashin idonta kana gani, wallahi sai da na tsaya ina ta kallon sikirin ɗin.

Dukansu megafiksel 20 ne fa, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoton ɗaya ne, ba a nan bambancin yake ba. Ta biyun sensarta, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, inci 1 ce, irin ta Sony RX100 da Canon G7 X, girman filinta ya kai kusan ninki 4 na 'yar ƙaramar sensa mai inci 1/2.3 da ke cikin ta farkon, kuma bakin gilashinta na buɗewa har f/1.8, haske na shiga sosai ba sai ISO, wato ƙarin hasken da kyamara ke yi wa hoto da kanta wanda ke kawo tsakuwa-tsakuwar nan, ya yi ta hawa ba, tana kama hoto kafin yaro ya motsa. Na ce masa ya haƙura da dogon zum. Ni dai hotunan da na fi so in ajiye yawanci a cikin ɗaki ake ɗaukarsu da dare, kuma mutanen ciki ba sa tsayawa cak su jira ka.