Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fom Ɗin Da Bai San An Sallami Abba Ba

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da kamfanin da mahaifina yake yi wa tuƙi ya sallame shi, a watan Afrilun 2020, bayan cutar korona ta sa fasinjojin da yake kaiwa filin jirgi sun ɗauke ƙafa. A ƙarshen watan Agustan wannan shekarar na shiga ajin ƙarshe na sakandare, maganar jami'a ta taso a gidan da babu albashi cikakke ko ɗaya.

A Amurka, ɗalibin da yake neman gwamnatin tarayya ta taimaka masa da kuɗin karatu sai ya cika fom ɗin da ake kira FAFSA, kuma da shi ne jihohi da jami'o'i da yawa suke auna nasu tallafin. Cika shi kyauta ne, an kuma buɗe na shekarar da zan shiga jami'a ranar 1 ga Oktoban 2020. Muna da izinin zama na dindindin, wato girin kad, saboda haka na cancanci nema. Sai dai tun da ban kai shekara 24 ba, ban kuma yi aure ba, doka ta ɗauke ni a matsayin wadda take ƙarƙashin iyayenta, dole a rubuta abin da suke samu.

Nan ne wahalar farko, domin ban taɓa sanin ko nawa ne kuɗin shigar mahaifina ba, ban kuma taso da tarbiyyar da za ta ba ni damar tambaya ba. Sai da na kwana uku ina juya maganar, sannan bayan sallar isha'i na durƙusa gefensa na ce, "Abba, idan ba damuwa, makaranta tana bukatar takardun harajinku na 2019." Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Me ya haɗa karatunki da abin da ke aljihuna?" Umma ce ta sa baki ta yi masa bayani a tsanake. Washegari da safe na tarar da ambulan ruwan ƙasa a kan littattafaina, wadda ya ciro daga jakar da yake ajiye fasfo ɗinmu, bai ce da ni komai ba.

Wajen buɗe masa asusun da zai sa hannu ta intanet ma mun yi tuntuɓe, saboda na rubuta sunansa yadda muke rubutawa a gida, alhali a katinsa na Social Security, mai ɗauke da lambar shaidar da gwamnati ta ba shi, an rubuta shi da wasu haruffa dabam. Na'ura ta ƙi amincewa, sai da na ɗauko katin na kwafa harafi bayan harafi.

Babbar matsalar tana gaba. Fom ɗin ba ya tambayar halin da gida yake ciki a yau, abin da yake dubawa shi ne kuɗin da aka samu shekara biyu kafin shekarar karatun, wanda a wajenmu ya faɗo kan 2019. Ita ce kuwa shekarar da Abba ya fi samu tun zuwanmu ƙasar, domin dare da rana yake kan hanya, Umma ma tana aiki cikakke a gidan renon yara. Ban ga laifin wannan tsari gaba ɗaya ba, tun da yana sa a cika fom da wuri da alƙaluman harajin da aka riga aka kammala. Amma a wajenmu ya zana hoton gidan da ya riga ya canza. Da wasiƙar jami'ar da nake so ta iso a watan Maris, sai na ga an ba ni ɗan kaɗan daga tallafin Pell, wato kuɗin gwamnatin tarayya da ɗalibi ba ya mayarwa, aka haɗa mini da aikin wucin gadi a harabar makaranta da bashin dala 5,500, iyakar abin da ake ba ɗalibi irina a shekarar farko. A ciki dala 3,500 ne kawai gwamnati take ɗaukar nauyin ruwansu muddin ana karatu. Abba ya karanta sau biyu ya ce, "Ba za ki fara rayuwa da bashi mai ruwa a wuyanki ba." Na san gaskiya ya faɗa bisa abin da ya yi imani da shi, na kuma san idan babu wata hanya, karatun ya tsaya ke nan. A daren ban runtsa ba.

Malamar da take ba mu shawara a makaranta ce ta buɗe mini ido. Ta ce doka ta ba jami'an ofishin tallafin ɗalibai na kowace jami'a ikon sake duba lamarin ɗalibi ɗaya ɗaya, su gyara alƙaluman idan halin gida ya canza, kamar rasa aiki ko rashin lafiya mai cin kuɗi, amma sai an nema a rubuce, da hujja. Har yau abin yana ci mini rai idan na tuna yawan iyalan da ba su taɓa jin wannan ba, suka karɓi wasiƙar farko a matsayin hukuncin ƙarshe suka haƙura.

Muka tattara takardar sallamar Abba, da takardar albashinsa ta ƙarshe, da shaidar kuɗin rashin aiki da jiha take biyansa, da wasiƙar da ta nuna an rage wa Umma sa'o'in aiki. Rubuta wasiƙar bayanin ce ta fi komai nauyi. Yana faɗa da Hausa ina mayarwa Turanci, da muka zo layin da za a ce ba shi da aiki tun watan Afrilu, sai ya yi shiru, ya ce wannan ya yi kama da roƙo. Na ce, "Abba, ba roƙo ba ne, sun yi lissafi da tsohon labari, mu kuma muna gaya musu na yanzu." Ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sannan ya ce in rubuta yadda abin yake, kada in ƙara kada in rage.

Mako uku suka wuce babu amsa, ga ranar 1 ga Mayu, wadda yawancin jami'o'i suke so ɗalibi ya tabbatar da karɓar gurbinsa kafin ta wuce, tana ƙaratowa. Da na buga waya sai ma'aikaciyar da ta ɗauka ta gaya mini cewa an zaɓi fom ɗina don tantancewa, suna jiran kwafin bayanin haraji daga hukumar haraji ta IRS, kuma tun tuni suka sanar da ni a shafina na ɗalibai, wanda ban san ana dubawa ba. A ranar muka nemo shi muka aika, daga nan kuma kullum sai na buɗe shafin safe da yamma.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika sabuwar wasiƙa ta fito. Tallafin Pell ya tashi zuwa kusa da dala 6,495, wanda shi ne mafi yawan abin da ake bayarwa a shekarar, jami'ar kuma ta ƙara nata, har abin da ya rage ya zama wanda aikin harabar makaranta da ɗan abin da Umma ta tara za su iya rufewa. Abba ya ce in buga masa ita a takarda. Ya sa tabarau ya bi ta layi layi da yatsa, ya tambaye ni ko akwai inda aka rubuta bashi, na nuna masa wurin da na ƙi karɓa. Ya naɗe ta ya sa a cikin jakar fasfo ɗin nan.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin ranar da suka raka ni jami'a.